Makarantu 17 na amfani da manhajata, ni kaɗai nake riƙe da ita daga ƙauye. In zauna ko in koma Kano?

Ɗan Sarkin Noma:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai tura ta kai bango. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban faɗi yadda abin ya faro ba shawarar ba za ta zauna daidai ba.

Ina zaune a wani ƙauye tsakanin Bakori da Danja a jihar Katsina. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin kwalta minti ashirin ne a babur in da rani, da damina kuwa sai yadda rafi ya ga dama. Na yi difloma a fannin kwamfuta, na ɗan yi aiki a wani shagon buga takardu a Zariya. A 2020, lokacin kullen korona, Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ni ne babba a maza, sai na tattaro komatsaina na dawo gida, da nufin in yi wata biyu. Ga shi har yau.

Kawuna yana da makarantar kuɗi 'yar ƙarama a bakin titi. Wata rana na tarar da malamansa uku a zaure da kalkuleta da fitilar waya, suna haɗa makin gwaji da na jarrabawa na yara sama da ɗari biyu, kowane darasi daban, sannan su fitar da na ɗaya da na biyu. Kwana uku suna abu ɗaya. Da aka raba sakamako sai ga wani uba ya zo da faɗa, an ba ɗansa na tara alhali lissafi ya nuna na huɗu ne. Daga nan na ce bari in gwada rubuta musu wani abu.

Na farkon da na yi a intanet yake, sai da sabis ake buɗe shi. Yana tafiya lafiya har watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, Bakori da Funtua da Malumfashi duk suna ciki. Wajen wata uku ba kira ba data. Manhajar da nake taƙama da ita ta zama hoto. In ina son in duba saƙo sai na shiga mota na nufi Zariya. A cikin wannan zaman ne na rushe ta gaba ɗaya na sake gini: yanzu komai a cikin wayar malami yake zama, a SQLite, wato ma'ajiyar bayanai ta cikin wayar, ba ruwanta da sabis. Malami ya shigar da makin ajinsa, ya tura wa hedimasta fayil ta Xender ko Bluetooth, wayar hedimasta ta haɗe su, ta fitar da katin sakamako a PDF, a kai shago a buga. In an samu sabis, ko sau ɗaya a mako ne, sai ta tura kwafi zuwa saba, wato kwamfutar ajiya da ke intanet. Tana gudu a kan Itel mai ƙaramin ƙwaƙwalwa, don da irinta na riƙa gwadawa. Wannan shi ne abin da ya sa ake zaɓen tawa a kan waɗanda ake tallatawa daga Legas, waɗanda sun fi tawa kyau nesa ba kusa ba, amma da sabis ya yi ƙasa sai ka ga da'ira tana ta juyawa.

Baki ya kai wa baki, yanzu makarantu 17 ne ke amfani da ita, daga Funtua har Kafur, biyu a Zariya. Jimillar ɗalibansu wajen 4,300.

Wurin aikina kuwa ɗakin da Baba yake ajiye taki ne a da. Turakun wuta sun zo garinmu, wayar ma tana nan a sama, amma rabon da mu ga ƙwai ya kama tun kafin a yi wa ƙanwata aure, yanzu tana goyon na biyu. Ina da fanel biyu na wat 300, da batir mai ruwa guda ɗaya na 200Ah, da 'yar inbata. Sabis ba ya shiga ɗaki, sai na saka MiFi, 'yar na'urar da ke kama sabis ta raba data, a cikin robar fenti na ɗaure a kan gora na kafa a bayan ɗaki, kebul ya sauko ta taga. Sau biyu akuya tana cinye kebul ɗin. Da safe kafin in buɗe ƙofa wayoyin maƙwabta shida ko bakwai suna jira a yi musu caji, kuma ka san ba a cewa a'a ga matar da ta yi maka goyo. Duk wannan na saba da shi, ba shi ne kukana ba.

Kukana na farko kuɗi ne. Da na fara, ₦25,000 na riƙa sayarwa, biya ɗaya shi ke nan. Wasu suka yi ta magiya na bar musu a ₦15,000. Kawu bai biya ba, wata Islamiyya ma na ce sadaka ce. To an biya an gama tun shekarun baya, amma aiki bai ƙare ba. Wannan ya canza waya, wancan ya manta lambar sirri, wata makaranta ta ƙara aji, wani yana son a sa hoton yaro a kati, wani yana son a rubuta sunan makaranta da Larabci a sama. Duk kyauta. Saba kuwa dala 12 nake biya duk wata. Farkon 2023 dala tana wajen ₦750 a kasuwar bayan fage, wato ₦9,000. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura ₦1,500, abin ya ninka. A Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari, data ta tashi. In faɗa muku gaskiya, masarar gonar Baba ce take ciyar da manhajar, ba manhajar ke ciyar da gida ba.

Na biyu, ni kaɗai ne. Ƙarshen zango na uku a watan Yuli yake faɗowa, daidai lokacin da gona take neman mutum, ga noma ga zuba taki. Yulin da ya wuce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana huɗu a makon fitar da sakamako. Da na farfaɗo na duba waya na ga kira 41. Wata makaranta a Funtua ta ɗage ranar rabon sakamako saboda wani ɗan kuskure da minti goma ya ishe ni in gyara. Mai makarantar bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, “Malam, ashe in ka kwanta mu ma mun kwanta.” Maganar ta tsaya mini a rai.

Na uku ƙarami ne amma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanen gari ba su san abin da nake yi ba. Wasu na cewa zaman kashe wando nake, wasu na raɗe-raɗin ɗan Yahoo ne. An taɓa tsare ni a shingen bincike kusan awa guda saboda laftof a jaka, ba ni da wata takarda da zan nuna cewa sana'a ce. Da manya suka je nema mini aure, tambayar farko da aka yi musu ita ce, shi yaron mene ne sana'arsa? Baffana ya yi shiru, can ya ce, “Yana noma.”

Yanzu wani abokina ya samo mini aiki a wani kamfani a Kano, ₦180,000 a wata, zan riƙa kwana a ɗakinsa kafin in kama nawa. In na tafi, ƙanena mai shekara 17 ne zai riƙa ɗaga Baba da kwantar da shi, manhajar kuma sai dai in riƙa leƙa ta da dare. In na zauna, ban san har yaushe zan ci gaba da yi wa mutane aikin Allah-ya-ba-ka-lada ba. Waɗanda suka taɓa irin wannan, don Allah me kuka gani?

Mai Shago a Farm Centre:

Wa alaikumus salam. Abokina kama aikin nan tun kafin a ba wani. Ni ma daga ƙauye na fito, ta wajen Gwarzo, kuma na san yadda abin yake: a garinku kai ɗan wane ne, ba ɗan kasuwa ba. Wanda ya ga ranar sunanka ba zai biya ka kuɗin manhaja ba har abada. A Kano ba wanda ya san babanka, ka faɗi farashi, ya biya ko ya wuce.

Sannan akwai abin da ba ka lissafa ba. Shekara nawa kana zaune kai kaɗai da akuya da MiFi? Wa yake duba abin da ka rubuta ya ce maka nan ka yi kuskure? A nan in laftof ɗinka ta mutu da safe, kafin azahar an canza mata abin da ya lalace. A can sai ka yi asarar yini biyu da kuɗin mota. ₦180,000 ba wani abin a zo a gani ba ne a Kano ta yanzu, haya da abinci da abin hawa za su cinye fiye da rabi, amma kana tura wa gida ko dubu hamsin ne duk wata, wanda ya fi abin da kake ba su yanzu. Ka ɗauki mai jinya da shi. Makarantun kuma su nemi mai Excel a shagon kafe kamar yadda suke yi kafin ka zo.

Baba Injiniya:

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta sau biyu.

Ni tun zamanin da ake sayar da manhaja a faifan CD nake wannan harka, ta kemis-kemis na yi, ta lissafin magani da ranar lalacewarsa, kuma kuskuren da ka yi shi na yi, sai da na shekara shida kafin in gane. Ba ƙauye ne ya cuce ka ba. Ko a tsakiyar Kantin Kwari kake zaune, in ka sayar da abu sau ɗaya ka ɗauki hidimarsa har ƙarshen rayuwa, talauci za ka yi. Ka sayar da saniya ne, aka bar maka kiwonta da tatsarta, nonon kuma na mai saye.

Ɗauki biro. Ka ce ɗalibai 4,300. Sa ₦200 a kan kowane yaro a kowane zango. ₦860,000 ke nan a zango, sau uku a shekara ₦2,580,000. Albashin Kano a shekara ₦2,160,000 ne, kafin haya. Ka ce rabinsu za su gudu? To su gudu. Saura ₦430,000 a zango, kiran waya kuma ya ragu da rabi, kana kwana a gidanku kana cin tuwon masararku. Kuma ba daga aljihun mai makaranta kuɗin zai fito ba, a cikin kuɗin jarrabawa zai sa, kamar yadda yake sa kuɗin takarda da tawada. Uban da yake biyan dubu goma sha a zango ba zai cire ɗansa saboda ₦200 ba.

Yadda za ka karɓa shi ne inda aikin yake. Kada ka bi kowa bashi. Bashi a garinku ba ya dawowa, sai dai ya ɓata zumunci. Ka sa manhajar ta bar malamai su shigar da maki yadda suka ga dama, su duba, su gyara, amma ranar da za a fitar da katin sakamako ta nemi lambar buɗewa ta wannan zangon. Lambar za ka iya haɗa ta daga lambar makaranta da zango da yawan ɗalibai, wayar ta tantance ta ba tare da sabis ba, ka tura ta a tes. Alat ya shigo, lamba ta tafi. Ba kai ne ka hana ba, na'ura ce, kuma ba a jin kunyar na'ura. Amma ka ji ni da kyau: kada ka taɓa kulle musu bayanan da suka riga suka shigar, ko sakamakon zangunan baya. Nasu ne. Wanda ya ce zai tafi, ka fitar masa da kayansa a Excel ka yi masa fatan alheri.

Waɗanda suka biya ₦25,000 a da, kada ka yi kamar ba su biya ba. Ka ba su zango ɗaya kyauta a sabon tsari, ka gaya musu tun yanzu, a rubuce, ba ana saura kwana uku rabon sakamako ba. In ka yi musu ba-zata, sun sami abin faɗa a kanka, kuma da gaskiyarsu.

Batun takarda kuma, je ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. A intanet ake yi, ba sai ka je Abuja ba. Tun da aka yi sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 ma mutum ɗaya yana iya buɗe kamfani shi kaɗai, ba sai ya nemo sunan matarsa ko ƙaninsa ya cika ba, amma a matakinka sunan kasuwanci ya isa. Da shi za ka buɗe asusun banki da sunan sana'a, ka yi rasit da hatimi. Mai makaranta yana saurin tura kuɗi ga suna na kasuwanci fiye da ga “yaron nan ɗan gidan Sarkin Noma”. Ka buga satifiket ɗin biyu, ɗaya a jakar laftof saboda masu shinge, ɗaya ka ba baffanka saboda surukai.

Ban ce kada ka je Kano ba. Na ce kada ka yanke hukunci a kan sana'ar da ba ka taɓa sa mata farashi ba. Gwada zango ɗaya.

Maman Ɗalibai:

Salam. Ni ba na rubuta manhaja, makaranta nake da ita a Dutse, firamare da ƙaramar sakandare, don haka bari in yi magana daga ɓangaren masu biya.

Ƙanena, ₦200 ba ta dame ni ba, Baba Injiniya ya yi gaskiya a nan. Abin da nake kashewa a kan lemo da abincin malamai a daren haɗa sakamako ya fi haka. Abin da yake hana ni barci shi ne maganar da mutumin Funtua ya gaya maka. Na taɓa amfani da manhajar wani yaro mai hankali kamar kai. Shekara biyu muna tare, ya samu karatu a waje ya tafi, lambarsa ta daina shiga. Ranar da kwamfutar ofis ta mutu, sakamakon shekara biyu ya bi ta. Har yau in tsohon ɗalibi ya zo neman takardar shaida sai mun shiga sito muna zazzage rijista. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini manhaja tambayata ta farko ita ce, in ka mutu fa? Suna jin haushi, amma tambaya ce ta gaskiya.

Saboda haka in za ka ce in riƙa biya duk zango, ni ma ga abin da nake so. Lambar mutum na biyu da zan kira in ba ka ɗauka ba. Ba sai injiniya ba. Yawancin kiran da muke yi ba na gyara ba ne, na “ina zan danna” ne. Ka ce kana da ƙane mai shekara 17, ko wata malama mai kaifin kai a ɗaya daga makarantun, ka koya mata, ka riƙa ba ta wani abu a makon sakamako. Malamai mata ma sun fi sakewa su kira mace, wasu mazajensu ba sa son su riƙa kiran wani namiji da dare, wannan kuma ba za su gaya maka ba. Sannan ka yi gajerun bidiyo da Hausa, minti ɗaya-ɗaya, yadda ake ƙara ɗalibi, yadda ake canza waya, ka zuba a WhatsApp. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani abu kuma da ban ga ka ambata ba. Sunayen yara 4,300 ne a hannunka, da shekarunsu, da lambobin iyayensu, wataƙila har da hotuna da unguwanni, a yankin da kowa ya san halin da ake ciki na satar mutane. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma ko babu doka wannan amana ce. Laftof ɗin da kake yawo da ita a babur, in aka ƙwace ta, me za a gani a ciki? Wanda ba ka buƙata kada ka karɓa. Adireshin gida me zai yi a katin sakamako?

In ka gyara waɗannan, turo mini bayani. Jigawa ma akwai inda sabis ɗin sai an hau tudu.

Na Maraɗi:

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ɗan'uwa, ni aikin sola nake a wani gari kusa da Maraɗi, ina kuma yi wa 'yan kasuwa ƙananan shafuna. Wutarmu daga wajenku take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da aka yi juyin mulki a Yulin 2023 aka yanke muna kuran a watan Agusta, ba a maido ba sai Maris na 2024. A wannan watanni duk wanda ke aiki da kwamfuta ya koyi lissafin batir dole.

Batirinka na 200Ah a kan bolt 12, wat-awa 2,400 ne a takarda. Amma mai ruwa in kana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, ba zai daɗe ba, don haka 1,200 gare ka. Laftof tana cin wajen wat 50, MiFi da fanka ka ce 30. Ya ishe ka aikin dare har da saura. Inda kake asara shi ne inbata: tana ɗaga 12 zuwa 220, cajar laftof ta sake sauko da ita zuwa 19, kowane hawa da sauka da abin da ke tafiya a zafi, kuma ko ba ka jona komai ba tana shan nata. Nemi cajar mota ta laftof, ka jona kai tsaye. Wayoyin maƙwabta kuma ka yi musu wurin caji na USB a zaure, daga ƙarfe goma zuwa la'asar kawai, lokacin da rana ke biya ba batir ba. In wannan ya mutu ka sayi lithium, 100Ah nasa kusan daidai yake da 200Ah na mai ruwa wajen abin da za ka iya ci. Da hunturu ka riƙa share fanel duk safiya, ƙura tana rage wuta ƙwarai.

Na san wani zai ce ka sayi Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, tunda ta shigo Najeriya tun Janairun 2023. Tana aiki, ba musu. Amma babbar tana cin wat 50 zuwa 75 ko fiye, muddin tana kunne, wato in ka bar ta dare da rana ita kaɗai ta shanye batirinka, ga kuɗin wata. Kai da ka gina abin da ba ya neman rezo, wato sabis, me za ka yi da ita yanzu? Gorarka ta isa. Sa wa kebul ɗin tiyo saboda akuya.

Tambaya: manhajar za ta iya yin maki a kan 20? Lekol ɗinmu haka suke yi, kuma da Faransanci.

Ɗan Sarkin Noma:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana goma sha biyu ne don ina son in dawo da abin da na yi, ba abin da zan yi ba.

Yaya na Farm Centre, maganarka ta rashin wanda zai duba aikina ta shige ni, don gaskiya ce. Na gaya wa abokina ya ba ni zuwa ƙarshen wannan zangon. Ya ce ba zai iya riƙe gurbin ba, in an cike shi ke nan. Na ce na ji. Amma mai jinya da ka ce, Baba ba zai yarda baƙo ya kama shi zuwa banɗaki ba, ni ma ba zan so ba.

Baba Injiniya, na bi lissafinka amma na karaya a kan ₦200, na sa ₦150. Ka yi mini afuwa. Na rubuta takarda na tura wa makarantu 15, na ce wannan zangon kyauta ne, daga mai zuwa ga sabon tsari. Bakwai sun amsa sun yarda, cikinsu har da mutumin Funtua, wanda ya ce da ma yana mamakin yadda nake ci. Uku sun ce za su yi shawara. Ɗaya ya kira ni ya yi mini wankin babban bargo, wai na ci amana, ya saya na dawo ina sayar masa da abinsa. Na fitar masa da bayanansa a Excel kamar yadda ka ce, hannuna yana rawa. Huɗu ba su ce komai ba, alamar karantawa dai ta nuna shuɗi. Bakwai ɗin nan ɗalibansu 2,050 ne, ₦307,500 ke nan a zango in Allah ya sa sun cika alkawari. Bai kai albashin Kano ba. Ya dai fi babu da nake samu. Lambar buɗewa na gama rubuta ta, na gwada a waya uku ba sabis, tana aiki. Rajistar suna kuma na tura, sunan farko da na zaɓa an ce akwai mai shi.

Hajiya, tambayarki ta “in ka mutu fa” ta hana ni barci daren da na karanta. Na cire gurbin adireshi gaba ɗaya, na goge waɗanda ke saba, na kulle faifan laftof da kalmar sirri. Na rubuta yadda ake shiga saba da yadda ake fitar wa kowace makaranta kayanta, na sa a ambulan na ba Inna ta ajiye a cikin adakarta, inda takardun gona suke. Akwai wata malamar lissafi a makarantar Kafur da take gyara wa 'yan'uwanta matsala tun kafin su kira ni, ban ma sani ba sai yanzu. Na yi magana da ita da mai gidanta, sun yarda, ₦20,000 a makon sakamako. Bidiyo na yi huɗu, a na uku zakara ya yi cara a tsakiya, na bar shi haka.

Malam na Maraɗi, cajar mota na aika a sayo mini a Funtua. Maki a kan 20 abu ne mai sauƙi, Faransancin ne ba na ji ko kalma ɗaya, in za ka fassara mini rubutun fuskar manhajar, layi wajen 140 ne, sai mu yi magana a kan kasonka.

Saura biyun da ban tura wa takarda ba. Islamiyya na riga na ce sadaka ce, ba zan janye ba. Kawu kuwa, wanda makarantarsa ta fi kowace kira, sau uku ina zuwa gidansa da takardar a aljihu, mu gaisa, ya tambayi jikin Baba, in sha fura in taso. Ina jin labari ya kai masa, don jiya da yamma ya aiko yaro da kwandon tumatir.